Masu saurare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: bitar rundunar sa ido ta shirin The Wire

A yawancin shirye-shiryen talabijin na 'yan sanda, an saba ganin mai bincike ya shiga ofis ya ce a nemo masa wane, wani matashi ya danna maɓallan kwamfuta sau biyu ko uku, sai ga hoton mutumin da lambar wayarsa da inda yake tsaye a wannan daƙiƙar sun bayyana a allo. Duk wanda ya saba da irin wannan zai sha mamaki idan ya zauna kallon The Wire, shirin da tashar HBO ta Amurka ta fara nunawa ranar 2 ga Yunin 2002 ta kuma kammala ranar 9 ga Maris na 2008, domin a nan sai an kai kashi na shida na zangon farko kafin 'yan sanda su samu damar jin muryar mutanen da suke bibiya a waya. Na kalli shirin gaba ɗayansa sau biyu, zango biyar mai ɗauke da kashi 60, kowane kashi kusan awa guda, kuma wannan bitar ta tsaya ne a kan ɓangare ɗaya nasa, wato ƙaramar rundunar 'yan sandan ciki ta birnin Baltimore da aka ɗora wa aikin sa ido da sauraren wayoyin manyan dillalan ƙwaya. Ina sanar da wanda bai kalla ba tun yanzu cewa zan ambaci yadda wasu al'amura suka ƙare, domin babu yadda za a auna aikin wannan runduna ba tare da an faɗi abin da ya haifar ba.

Mutane biyun da suka gina shirin ba baƙin wannan duniyar ba ne. David Simon ya shafe shekaru yana ɗauko labaran 'yan sanda wa jaridar Baltimore Sun kafin ya bar ta a 1995, shi kuwa Ed Burns tsohon ɗan sandan ciki ne a sashen binciken kisan kai na birnin, wanda ya yi aiki a dogayen binciken da suka dogara ga sauraren waya, daga baya kuma ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Ɗaya daga cikin manyan dillalan da binciken Burns ya kai gidan yari a shekarun 1980, Melvin Williams, ya fito a shirin da kansa bayan an sake shi, yana taka rawar wani dattijon coci mai ba matasa shawara. Birnin da suke magana a kansa ya kwashe shekarun 1990 ana kashe fiye da mutum 300 a kowace shekara, har adadin ya kai 353 a 1993. Na kawo wannan ne domin ya bayyana dalilin da ya sa ƙananan abubuwa a shirin suke da nauyin gaskiya, tun daga yadda ake cika takardar neman izinin kotu har zuwa yadda jami'i yake gajiya a kan rufin bene.

Rundunar ba ta samu kafuwa don wani babba ya ga buƙatarta ba. Wani ɗan sandan ciki mai taurin kai, Jimmy McNulty, ya tsegunta wa wani alƙali cewa akwai wani mutum mai suna Avon Barksdale da ya mallake cinikin ƙwaya a rukunin gidajen gwamnati na yammacin birnin, yana kashe shaidu, amma manyan 'yan sanda ko hotonsa ba su da shi. Alƙalin ya kira manyan ya ba su kunya, su kuma don su rufe masa baki sai suka haɗa wata runduna ta wucin gadi ƙarƙashin Laftanar Cedric Daniels, da nufin a kama 'yan ƙananan dillalai cikin wata guda a rufe fayil. Kowane shugaban sashe da aka ce ya ba da mutum sai ya zaɓo wanda yake neman kai da shi: tsofaffi biyu mashaya da ke jiran fansho, wani matashi mai suna Prez wanda surukinsa mai muƙami ne kaɗai ya hana a kore shi, da wani dattijo shiru-shiru, Lester Freamon, wanda aka jefa sashen kula da shagunan jingina shekara 13 da wata huɗu saboda ya taɓa ƙin bin umarnin rufa wa wani mai hanya asiri. Ofishin da aka ba su wani ɗaki ne mai danshi a ƙarƙashin ƙasa, kuma da tafireta suke buga rahoto a daidai lokacin da hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, FBI, take amfani da kyamarori masu kai hoto kai tsaye. Ita FBI ɗin ma ta janye hannunta daga harkar ƙwaya bayan harin 11 ga Satumban 2001, ta mayar da jami'anta kan ta'addanci.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne dalilin da zan ce wannan shirin ya yi wa takwarorinsa fintinkau, shi ne yadda ya ɗauki doka da muhimmanci a matsayin wani ɓangare na labari. A Amurka, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1967 a shari'ar Katz, wanda ya ce mutumin da ya shiga rumfar tarho ya rufe ƙofa yana da haƙƙin sirri, da kuma dokar tarayya ta 1968 da ta biyo baya, ba a barin ɗan sanda ya saurari wayar mutum sai ya gamsar da alƙali da abubuwa da dama. Dole ya nuna akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, dole ya nuna cewa ya gwada sauran hanyoyin bincike sun gaza ko kuma suna da haɗarin da ba za a iya ɗauka ba, izinin kuma ba ya wuce kwana 30 sai an sabunta shi, sannan dole mai saurare ya katse idan hirar ba ta shafi laifin da ake bincike ba. Wani marubucin zai ga waɗannan sharuɗɗa a matsayin abin gundura ya tsallake su. Simon da Burns kuwa sun mayar da su igiyar da ke jan labarin. Muna ganin lauyar gwamnati Rhonda Pearlman tana bin takardar rantsuwa layi-layi, muna ganin jami'an suna bin dillali a mota da gangan don su rubuta cewa bibiya ta ƙafa da ta mota ta ci tura, muna kuma ganin yadda sa hannu ɗaya da ya makara yake cinye musu kwanaki.

Mataki na farko ma ba sauraren murya ba ne. Mutanen Barksdale ba sa riƙe wayar salula; suna amfani da ƙaramar na'urar aljihu mai karɓar lamba kawai, idan lamba ta shigo sai mutum ya taka zuwa tarhon bakin titi ya kira. Rundunar ta samu izinin yin kwafin na'urar ɗaya daga cikinsu yadda duk lambar da ta shigo masa za ta shigo musu, amma da suka gwada kiran lambobin sai suka tarar babu wadda take aiki. Prez, wanda kowa ya riga ya yanke masa hukuncin rashin amfani, shi ne ya zauna ya ƙura wa maɓallan tarho ido har ya gano dabarar: kowace lamba ana musanya ta da kishiyarta ta hanyar tsallake 5 da ke tsakiya, wato 1 ta zama 9, 2 ta zama 8, 3 ta zama 7, 4 ta zama 6, ita kuma 5 ta yi musaya da 0. Dabara ce da yaron da bai gama firamare ba zai iya riƙewa ba tare da lissafi ba, kuma wannan sauƙin nata shi ne ya sa na yarda da ita. Ya kamata a tuna cewa wannan Prez ɗin shi ne wanda a kashi na biyu ya bugi wani yaro ɗan shekara 14 da gindin bindiga har yaron ya rasa ido ɗaya, kuma Daniels ya koya masa ƙaryar da zai faɗa wa masu bincike. Shirin bai wanke shi ba don ya zama mai amfani daga baya, kuma bai wanke Daniels ba.

Da aka samu izinin sauraren tarhon bakin titi, sai wata wahalar ta kunno kai. Tarho na jama'a ne, tsohuwa tana kiran jikarta da shi, ma'aikaci yana kiran wurin aikinsa, saboda haka doka ba ta yarda a saurari kowa ba. Dole wani jami'i ya kwanta a kan rufin wani bene da kyamara da na'urar hangen nesa, ya tabbatar da cewa wanda ya ɗaga tarhon yana cikin waɗanda ake zargi, sannan ya sanar da na ofis su kunna na'ura. Herc da Carver, matasan jami'ai biyu da suka saba da dukan 'yan ƙwaya a kwanar titi, suna ganin wannan aikin a matsayin horo, kuma ƙorafinsu ba ya ƙarewa. Akwai ranar da Avon da kansa ya zo unguwar ya tsaya a fili, amma jami'in da ke kan rufin ya juya baya yana fitsari, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. A ɗakin ƙasa kuwa Freamon yana zaune yana sassaƙa 'yan ƙananan kujeru da gadaje na gidan 'yar tsana, sana'ar da ta fi albashinsa kawo masa kuɗi, kunnensa kuma yana kan lasifika. Lokacin da Prez ya rubuta cewa wata hira ba ta da alaƙa da bincike saboda ba a ambaci ƙwaya a cikinta ba, Freamon ya gyara masa da cewa abin da ake ginawa shi ne hujjar haɗin baki, saboda haka sanin wa yake ba wa umarni ya fi jin sunan hodar muhimmanci. Clarke Peters, wanda ya taka rawar Freamon, ya yi ta da natsuwar malamin zaure, kuma a ganina shi ne ginshiƙin rundunar, ba McNulty da ake yawan sa hotonsa a gaba ba.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba, kuma shirin ya san haka. Kima Greggs, 'yar sandan ciki a rundunar, tana da wani mai kawo mata rahoto, Bubbles, wanda ƙwaya ta riga ta cinye amma ya san kowa a unguwar. Dabararsa ita ce ya shiga cikin dillalai da jakar huluna kamar mai talla, duk wanda yake da muƙami sai ya ɗora masa jar hula a ka kamar yana gwada masa, ita kuma Kima daga nesa ta ɗauki hoton mai jar hula. Hoton Avon na farko da suka samu kuwa Freamon ne ya samo shi daga wata tsohuwar takardar tallar damben zamani a wani gidan horar da 'yan dambe, bayan ya ji an ce mutumin ya taɓa yin dambe yana yaro. Da haka allon bangon ofis ya riƙa cika sannu a hankali, hoto bayan hoto, ana haɗa su da layi.

Wani darasi da shirin ya koyar ba tare da wa'azi ba shi ne cewa mai sauraro yana rayuwa ne cikin tsaka mai wuya: idan ya yi amfani da abin da ya ji, abokin hamayya zai gane ana jin sa; idan bai yi amfani da shi ba, laifi yana ci gaba a gaban idonsa. Lokacin da suka ji labarin za a kawo sabon kaya unguwar, sun kama yaron da ya gudu da jakar amma suka bar babban da ke tuƙa motar ya tafi da gangan, don kada a tilasta musu bayyana wa kotu inda suka samu labarin. Duk da wannan taka-tsantsan, Stringer Bell, mataimakin Avon wanda Idris Elba ya taka, ya shinshino wani abu ya ba da umarnin a tuge tarhon unguwar, a riƙa tafiya nesa ana sauya wurin kira. Wannan tsere tsakanin mai ɓoyewa da mai nema shi ne ya ratsa zangunan biyar, kuma a kowane zango dillalan suna gaba da taki ɗaya.

Amma babban abokin gabar rundunar ba ya kan titi, yana hedikwatar 'yan sanda da ofishin magajin gari. Freamon ya tura Prez da wani jami'in rundunar mai suna Sydnor su tono takardun rajistar kamfanoni da na mallakar gidaje da rahotannin gudummawar yaƙin neman zaɓe, sai ga kuɗin Barksdale ya bayyana a asusun 'yan siyasa. Da jami'an rundunar suka tare direban wani ɗan majalisar dattawan jiha, Clay Davis, da dala 20,000 da ya karɓo daga unguwar, umarni ya sauko daga sama cewa a mayar masa da kuɗinsa a sake shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mataimakin kwamishina Burrell ya san waɗanda suka ɗora shi a kujerarsa. Yana da ɗan leƙen asirinsa a cikin rundunar, wanda daga baya aka gane Carver ne, aka kuma saka masa da muƙamin saja. Manyan sun matsa a yi gaggawar shirya cinikin bogi don a kama wani da kaya a hannu, aka tura Kima cikin mota ba tare da kyakkyawan shiri ba, yaran unguwa kuma sun riga sun jujjuya allunan sunayen tituna, saboda haka da aka buɗe mata wuta abokan aikinta suna jin ƙarar harbi a na'ura amma ba su san inda take ba. Ban taɓa ganin wurin da aka nuna iyakar amfanin sauraro kamar wannan ba. Bayan harbin, manyan sun ba da umarnin kai samame don a baje ƙwaya a kan tebur gaban 'yan jarida, kuma wannan samamen ne ya tona asirin binciken. Avon ya samu shekara bakwai kacal, ɗan 'yar'uwarsa D'Angelo ya samu 20, Stringer ya ci gaba da kasuwanci, McNulty kuma aka tura shi sashen jiragen ruwa, wurin da ya fi tsana.

Zango na biyu ya koma tashar jiragen ruwa, inda aka sake haɗa rundunar saboda wani dalili na son zuciya, wato rigimar wani manjo da shugaban ƙungiyar 'yan dako a kan wanda zai ba coci kyautar tagar gilashi. A nan an gano gawar mata 13 a cikin kwantena, rundunar kuma ta yi kwafin kwamfutar tashar tana bin yadda ake ɓatar da kwantenoni daga rajista. Ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in ambaci Herc da Carver da suka ɓoye na'urar ɗaukar murya mai tsada cikin ƙwallon tanis, mota ta take ta, suka ƙirƙiro sunan wani mai ba da rahoto da babu shi don su halasta abin da suka ji su kuma mayar da kuɗinsu. A wannan zangon abin dariya ne, amma wannan ƙaryar ta dawo daga baya ta yi ɓarna.

Zango na uku ne ya fi nuna gwanintar rundunar. Dillalan sun koma amfani da wayoyin salula masu arha da ake saye ba tare da rajista ba, a yi amfani da su 'yan kwanaki a jefar, saboda haka kafin a gama cika takardun neman izini wayar ta riga ta shiga kwata. Mai karatu a Najeriya, inda aka fara rajistar layukan waya tun 2011 aka kuma wajabta haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa daga ƙarshen 2020, zai gane dalilin da ya sa hukumomi suke nacewa a kan wannan batu, ko da yana da ƙorafi a kan yadda aka gudanar da shi. Maganin da Freamon ya samo shi ne ya yi shigar ɗan damfara ya sayar wa mai sayo wa ƙungiyar wayoyi wasu da aka riga aka samu izinin sauraronsu tun kafin su isa hannun dillalai. A wannan zangon ne kuma suka yi babban kuskure: sun ji wani dillali yana kukan ya kashe karensa, suka ɗauka kalmar zaurance ce ta aboki, suka kama shi suka kunna masa muryarsa, sai ta bayyana kare ne na gaske, sirrin sauraron watanni kuma ya tashi a banza. Akwai wani ɗan gajeren wuri da Musulmi mai kallo ba zai wuce shi ba tare da ya tsaya ba. Da suka buƙaci izinin gaggawa a kan wayar Stringer, abokinsu na FBI ya shigar da shi a takarda da sunan Ahmed, don a ɗauke shi a matsayin barazanar ta'addanci, nan take ƙofar da ta ƙi buɗuwa ta buɗe. An yi abin cikin raha, amma ya faɗi gaskiyar Amurka ta wancan lokacin fiye da dogon jawabi. Sun samu muryar Stringer a ƙarshe, sai dai an harbe shi kafin su kai ga kama shi.

Daga nan shirin ya bi rundunar zuwa rushewarta. A zango na huɗu Freamon ya aika wa manyan 'yan siyasa da 'yan kwangila sammaci ana saura makonni kaɗan zaɓen fidda gwani, sai aka turo musu sabon laftanar wanda aikinsa kawai shi ne ya kashe runduna, ƙwararrun suka watse. Sabon dillalin, Marlo Stanfield, ba ya magana a waya ko kaɗan, a fili yake ganawa da mutanensa, gawarwakin da yaransa suke kashewa kuma ana ɓoye su cikin kangayen gidaje a rufe ƙofa da ƙusa. Babban mai yi masa kisa, Chris Partlow, Gbenga Akinnagbe ne ya taka shi, ɗan wasan da iyayensa 'yan Najeriya ne. Herc ya ɗauki kyamarar ofis ba da izini ba ya dasa ta, yaran Marlo suka sace ta, kuma a ƙoƙarinsa na rufe wannan asara ya yi sakacin da ya tona asirin wani ɗalibi, Randy, a matsayin mai ba 'yan sanda labari. An jefa wa gidan da ake riƙon yaron wuta, matar da ke riƙonsa ta samu mummunar ƙuna, shi kuma aka kai shi gidan marayu inda aka riƙa dukansa. Wannan ne wurin da shirin ya fi nuna cewa bayanin sirri a hannun jami'i marar kula makami ne da ke faɗa wa marar ƙarfi.

Zango na biyar shi ne inda nake da babban ƙorafi. Birnin ya shiga matsin kuɗi, aka dakatar da binciken gawarwaki 22 da aka tono daga kangaye, sai McNulty ya ƙirƙiro labarin wani mai kisan mutane marasa matsuguni don a saki kuɗi, Freamon kuma ya yi amfani da izinin kotu na wannan ƙaryar ya saurari wayar Marlo ba bisa doka ba. Ɓangaren fasaha yana da daɗin kallo, domin saƙonnin Marlo hotunan agogo ne kawai, kuma Sydnor ne ya gano cewa hannayen agogon suna nuna shafi da murabba'i a littafin taswirar birnin, wato wurin haɗuwa. Amma ban gamsu cewa Freamon da na sani tsawon zango huɗu, mutumin da ya haƙura shekara 13 a sashen jingina, zai rungumi irin wannan wauta cikin dare ɗaya ba. Daga McNulty ba abin mamaki ba ne. Daga Freamon kuwa marubutan sun tanƙwara hali don labari ya tafi. Abin da ya ɗan rage min haushi shi ne sakamakon ya bi ƙa'idar da shirin ya kafa tun farko: lauyan Marlo ya gane hujjar gurɓatacciya ce, aka yi sulhu, Marlo ya fita ba tare da shari'a ba, McNulty da Freamon suka rasa aikinsu, kuma Kima, abokiyarsu, ita ce ta kai ƙararsu.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko zurfi. Shirin ya sa mai kallo ya zauna a kujerar mai saurare tsawon awa 60, har ya riƙa jin haushin duk wani sharaɗin doka da ya jinkirta aiki, kuma kusan duk wanda aka saurara a cikinsa mai laifi ne. Ba mu cika ganin mutumin kirki da aka ji sirrin gidansa bisa kuskure ba. Abin da ya faru a Baltimore ta gaskiya bayan shirin ya ƙare ya nuna wannan giɓin ba ƙarami ba ne. A 2015 wani ɗan sandan ciki ya shaida wa kotu cewa rundunar birnin ta yi amfani da na'urar da ke kwaikwayon turken sadarwa don gano inda waya take har sau 4,300 tun daga 2007, a ƙarƙashin yarjejeniyar ɓoye sirri da FBI, sai a 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Maryland ta ce ana buƙatar izinin kotu kafin a yi hakan. A wannan shekarar ta 2016 ne kuma aka bankaɗo cewa wani ƙaramin jirgin sama na kamfani mai zaman kansa yana shawagi yana ɗaukar hoton birnin wa 'yan sanda ba tare da an sanar da jama'a ba, kuma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa irin wannan shirin ya saɓa wa tsarin mulki. A ɗaya ɓangaren, sauraren waya na halal da FBI ta yi ne ya kai ga gurfanar da jami'ai bakwai na wata rundunar farautar bindigogi ta birnin a watan Maris na 2017, bisa zargin fashi da cuwa-cuwar kuɗin ƙarin lokaci, labarin da Simon ya koma ya yi wa wani gajeren shiri mai kashi shida a 2022. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma ya ambaci hirar tarho a cikin abubuwan da aka kare sirrinsu, saboda haka tambayar wa ke sa ido a kan masu sa ido ba ta Amurkawa kaɗai ba ce, kuma da na so The Wire ya ba ta fili fiye da yadda ya ba ta.

Ga wanda yake tunanin saye ko kallo, akwai abubuwan da ya dace ya sani. Ba shirin da za a kunna a falo tare da iyali ba ne, domin ashar ta yi yawa ƙwarai, akwai tsiraici da shan ƙwaya a fili da kisa, kuma wasu daga cikin manyan jaruman, ciki har da Kima, an nuna su a matsayin masu neman jinsi ɗaya. Turancinsa na titunan Baltimore ne haɗe da zaurancen 'yan sanda, wanda ko Amurkawa da yawa sai sun kunna rubutun ƙasan allo suke fahimta, kuma ba a maimaita bayani don wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Babu kiɗan da ke gaya wa mai kallo lokacin da zai ji tsoro ko tausayi, sai abin da ke fitowa daga rediyon mota ko na shago, ban da waƙar buɗewa da ta rufe kowane zango. Wataƙila wannan ne ya sa bai samu masu kallo da yawa ba lokacin da ake nuna shi, bai kuma taɓa cin lambar yabo ta Emmy ba, ko da yake a 2021 wata ƙuri'ar masana 206 da sashen al'adu na BBC ya shirya ta zaɓe shi a matsayin shirin talabijin mafi inganci na wannan ƙarni. Shawarata ita ce kada mutum ya yanke hukunci kafin ya kai kashi na shida.

Akwai nau'i biyu na hoton a kasuwa. Tsofaffin faya-fayan DVD suna ɗauke da hoton asali mai kusan murabba'i, irin na tsohuwar talabijin, sannan a ƙarshen 2014 HBO ta fito da wanda aka sabunta mai faɗi da tsabta, wanda ya fito a faifan Blu-ray a 2015 kuma shi ne ake samu a manhajojin kallo ta intanet. Sabon ya fi kyau a babban allo, rubutun da ke jikin allon binciken rundunar ma ya fi karantuwa a cikinsa. Ni dai kallona na biyu da tsohon na yi shi, saboda ƙuncin hoton da ɗan dishi-dishinsa sun fi dacewa da ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan da hotunan da Kima take ɗauka daga kan rufi.